Gwaggo Hannatu Ta Tafi Shan Iska Kwatano

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Samaru, da na ajiye jaka sai a jawo kujera: "Malama Laraba, yaya Kwatano?" A coci ma haka. Har mai kayan miyan da nake saye a wurinta ta riƙe mini tumatir ta ce sai na ba ta labari. Wasu atamfa suke tambaya, wasu so suke su ji ko da gaske ne ana baje motoci a can kamar gyaɗa a faifai. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na maimaita sai labarin ya ƙara tsawo. Gara in rubuta shi sau ɗaya kafin in fara ƙarya.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba, rakiya na yi. Gwaggo Hannatu yayar babana ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Duk wanda ya taɓa zama a Muciya ya san ta, in bai san sunanta ba ya san wainarta. Tun kafin a haife ni take toya waina da ƙosai a wata 'yar rumfar kwano a ƙofar gidanta, ta sunkuya kan murhun itace tun asuba har rana ta take. A 'yan shekarun nan tari ya kama ta, numfashinta ya koma kamar ana busa usur a cikin tulu. Likita ya ce ta guji hayaƙi, in da hali ta samu canjin iska.

To Gwaggo hayaƙi ɗaya ta sani a duniya: na janaretan Oga Emeka, mai waldar da ke bango ɗaya da ita. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Kullum da safe ana yi.

"Emeka! Kashe wannan shaiɗanin naka kafin ya kashe ni!"

"Mama, ba wuta. Da yawu zan yi waldar?"

Da ɗanta Ishaya, wanda ke sana'ar motoci a Kwatano, ya ji maganar likita, sai ya bugo waya ya ce ta tattaro ta koma wurinsa, ga iskar teku kyauta. Ran Lahadi Gwaggo ta miƙe a gaban matan zumunta ta yi bankwana da Zariya, ta ce ta tafi ke nan, za a zuba 'yan haya a gidan. Mata suka yi ta kuka. Mu a gida hankalinmu ya tashi, don gidan nan shi ne matattarar dangi, kuma ba mu san ko ƙirjinta zai ɗauki doguwar tafiya ba. Babana ya kira ni gefe ya ce, "Kina hutu, ki raka ta. In ta ji daɗi ki baro ta. In ba ta ji ba, kada ki ce mata komai, ki dai tsaya kusa da jakarta."

Mun tashi daga tashar Sabon Gari da sassafe, ana cikin damina. Kayan Gwaggo kaɗai sun kusa cinye bayan motar: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da tandar wainarta a naɗe cikin tsohon zane. Na ce, "Gwaggo, ba kin yi ritaya ba?" Ta ce, "Don tarihi na ɗauko." 

A kujerarmu akwai wani siririn mutum mai tabarau, ya rungume wani akwatin ƙarfe a cinya kamar jariri. Kafin mu kai Jaji Gwaggo ta gama tatsar tarihinsa. Sunansa Malam Nasiru, yana haya a Bomo, yana karatun babban digiri a jami'a, ba shi da mata, kuma a ganin Gwaggo ba ya cin abinci.

"To mene ne a akwatin? Ko kuɗin sadaki ne?"

"Na'ura ce, Mama. Iska take sha."

"Ikon Allah. Ni ma abin da ya fito da ni ke nan."

Ya buɗe ya nuna mana. Wani ɗan famfo ne mai batir, yana zuƙo iska ta cikin wata farar takarda mai da'ira kamar bakin kofi. Ya ce in ta wuni tana zuƙa, duk ƙazantar da ke cikin iskar sai ta maƙale a jikin takardar, ya kai ɗakin bincike ya auna. Legas za shi ya ɗebo tasu. Ya zaro wasu da ya riga ya yi aiki da su, kowace a cikin ledarta. Ta gidajen malamai a Samaru ta ɗan yi ruwan ƙasa. Ta Bomo ta yi duhu kaɗan, ya ce da yamma ya ɗauka, lokacin da kowane gida ya hura wuta. Ta bakin tashar Sabon Gari kuwa kamar an goge gindin tukunya da ita.

Ni malamar labarin ƙasa ce, na san abin a littafi, amma ban taɓa ganin iskar garinmu a tafin hannu ba. Malam Nasiru ya ce ƙurar da muke gani da ido ba ita ce babbar matsala ba, wannan gashin hanci yana tare ta, a fyace a wuce. Mugun shi ne wanda ido ba ya gani, wanda ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ke wucewa can ƙasan huhu ya zauna, wani ma har cikin jini. Yawancinsa kuma daga ƙuna yake fitowa: baƙin mai, fetur, bola in an cinna mata wuta, tayar da ake babbake ƙafar saniya da ita.

"Da janareta," in ji Gwaggo.

"Da janareta, Mama."

Ta juyo ta kalle ni kamar wadda ta ci shari'a. "Kin ji ko? Mai ilimi ya faɗa."

"Da kuma itacen girki," in ji Malam Nasiru. "Musamman ga wanda yake tsaye a kansa. Mama, wace sana'a kike yi?"

Gwaggo ta buɗe jaka ta ciro dafaffen ƙwai ta danƙa masa a hannu. "Ci, ɗana. Ka rame da yawa." Maganar ba ta sake tashi ba.

Bayan mun wuce Tegina muka faɗa bayan wata tankar mai a kan hawa. Hanyar ta lalace, ba damar wucewa, ita kuma tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa tana fesa mana baƙin hayaƙi. Gwaggo ta fara tari, ta ba da umarni a rufe tagogi. Aka rufe. Ba a jima ba zafi ya dafa daddawar da ke bayan mota, ƙamshinta ya taso ya cika ko'ina. Wani Bayerabe mai kaftani a kujerar gaba ya daure iyakar daurewarsa, sannan ya juyo da hawaye a idonsa ya ce, "Don Allah a buɗe. Mun zaɓi hayaƙin." Aka yi ƙuri'a, hayaƙi ya ci zaɓe, Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi tana cewa mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba.

Kusa da Jebba wata igiya ta tsinke a injin, muka yi zaman jiran makanike a gindin bishiya muna cin soyayyen kifi. Saboda haka a Ilori muka kwana, a wani masauki kusa da tasha, inda katifar ta fi tabarma kauri da kaɗan. Washegari da hantsi muka doshi Legas.

Tun daga nesa Malam Nasiru ya taɓa ni ya nuna mini sararin gaba. Wani abu ne shimfiɗe a kan garin, ba gajimare ba, launinsa kamar ruwan wanke-wanke. Ya ce kowane yanki da irin nasa. Mu a arewa ƙasarmu busasshiya ce, titunan unguwa ba kwalta, ga itace ga ƙona bola, to namu gauraye ne na ƙura da toka. Su nan ruwan sama yana yawan wanke musu sama, amma motoci da masana'antu da janareta suna mayar da abin da aka wanke kafin ƙasa ta bushe. Ya ce ya taɓa zuwa can yankin da ake haƙo mai, inda wutar gas ke ci dare da rana, in ka shanya farar riga sai ka ɗauke ta da ɗigon baƙi. Gwaggo ta ce duk wannan bai dame ta ba, ita bakin teku za ta.

Mun shiga cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba. Motocin haya masu ruwan ɗorawa sun cushe hanci da gindi, kowace tana tusa wa ta bayanta. A cikin wannan hayaƙin mutane ke gudu tsakanin motoci suna tallar komai: burodi, agogo, tarkon ɓera, har da ɗan kwikwiyo. A Zariya in mota ta tsaya direba yakan kashe ta don tsimin mai. A Legas ba mai kashewa, wai kada a buɗe hanya a bar shi yana murza makulli. A tasha muka rabu da Malam Nasiru. Gwaggo ta sa masa albarka, ta ƙara masa ƙwai biyu, ta ce in ya gama auna iska ya nemi aikin yi.

Masaukinmu a Agege ne, wurin Mama Titi, tsohuwar ƙawar Gwaggo da suka yi zaman Sabon Gari tare kafin ta koma gida. Suka rungume juna suna ihu da Hausa da Yarbanci. Gidan irin dogon nan ne mai ɗakuna suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya. Ta kawo mana amala da miyar ewedu. Gwaggo ta ɗaga miyar da yatsu, ta ga tana bin hannu, ta ce, "Wannan ai lalo ce ta yi karatun boko." Ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Muna cikin hira da la'asar sakaliya aka ɗauke wuta. Sai na ji ƙofofi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗaki ya turo ɗan ƙaramin janaretansa bakin ƙofa, irin wanda suke wa laƙabi da na-fi-maƙwabcina. To a gidan nan ba wanda ya fi wani, kowa na da shi. Aka ja igiyoyi, lungun ya ɗauki ruri, shuɗin hayaƙi ya kwanta a cikinsa ba hanyar fita. Mama Titi ma ta tashi ta ja nata, ta dawo tana murmushi ta kunna mana fanka, fankar ta shiga raba mana hayaƙin daidai wa daida.

Na kalli Gwaggo. Matar da ta bar gari saboda janareta ɗaya, ga ta a tsakiyar garkensu. Na ce, "Gwaggo, in bugo wa Oga Emeka ku gaisa?" Ta harare ni, tarin ya hana ta amsawa. Ƙarshenta a bayan gida muka shimfiɗa mata tabarma, kusa da igiyar shanya, sai da aka dawo da wuta ta shiga ɗaki. Da safe ta ce wa Mama Titi, "Titi, ki dawo Zariya. Nan ba wurin zaman mutum ba ne." Ta manta ita ma ta yi bankwana da Zariyar.

Daga Legas zuwa iyakar Seme ba nisa, shingaye ne suka mai da ita nisa. A iyakar kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Mata masu dako suka yanyame mu, masu canjin kuɗin sefa suna kiranmu Hajiya, Gwaggo tana gyara musu: "Hannatu." A ɓangaren Benin wani jami'i ya duba katin rigakafinmu, ya zo kan kaya. Ya kwance zanen nan ya ga tanda, baƙa ƙirin, da ramukanta a jere. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta Faransanci. Na fara tsorata, don yadda suke riƙe da ita kamar wani kayan tsafi ne ko kayan yaƙi. Sai ga wani babba a cikinsu, dogo mai tsage a kumatu, ya leƙo ya fashe da dariya. Ashe mutumin arewacin ƙasar ne, yana jin Hausa.

"Mama, tandar masa ce wannan! Me ya kawo ki ƙasarmu?"

"Shan iska."

"Tun daga ina?"

"Zariya."

"Duk iskar da ke tsakanin Zariya da nan ba ta ishe ki ba?"

"Ta lalace. An ce taku ta teku ce."

Ya daɗe yana dubanta, kamar zai faɗi wani abu ya fasa. Ya buga mana hatimi ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Mama." Daga baya na gane abin da ya haɗiye.

Ishaya ya tarye mu da mota, tare da matarsa Selestin, 'yar ƙasar ce, ta koyi Hausa kaɗan-kaɗan a wurinsa. Ta zo ta sumbaci Gwaggo a kumatu, dama da hagu da dama kuma. Gwaggo ta sandare kamar an ɗora mata ƙadangare. A mota ta raɗa mini, "Haka za a riƙa yi kullum?" Na ce, "Safe da yamma." Ƙarya nake yi, amma na ji daɗin fuskarta.

A bakin hanya muka riƙa wuce tebura jere da manyan kwalabe masu tumbi, cike da wani abu ruwan zuma yana ƙyalli a rana. Gwaggo ta ce a tsaya ta saya, tana jin ƙishi, ga alama lemon citta ne. Ishaya ya yi dariya har ya kusa sakin sitiyari. "Mama, fetur ne. Namu ne ma na Najeriya, ta daji ake shigo da shi." Gwaggo ta ce, "Wato ya riga mu isowa."

Ya riga mu kuwa. Ku da kuke ƙorafin 'yan acaɓan Zariya, ku je Kwatano ku nemi gafararsu. Can babur shi ne gari. Suna kiran masu haya da shi zemijan, dukkansu da riguna ruwan ɗorawa, in danja ta tsayar da su sai ka ga kamar an zazzage buhun masara a titi. Tsofaffin babura ne, ana haɗa musu fetur ɗin kwalba da man inji, kowane yana jan wutsiyar shuɗin hayaƙi. In danja ta sake su, sai titin ya ɓace. Da yawansu sun ɗaure hanci da hankici kamar 'yan fashi. Abin da ya burge ni shi ne mata ma suna tuƙa nasu, da ɗaurin ɗankwali da jaka a kafaɗa, ba mai kallonsu. Gidan Ishaya kuma, da ya ce mana a bakin teku yake, gaskiya ne akwai teku a garin. Daga tagarsa dai abin da ake gani babbar mahadar titi ce.

Abincinsu ba laifi. Da safe dogon burodi mai tauri, wanda Gwaggo ta ce a ajiye mata ɗaya a bayan ƙofa saboda ɓarayi. Da rana tuwon masara da kifi da wani barkono da ya sa na tuna zunubaina. Da azahar gari yakan rufe, ma'aikata su koma gida su ci su kwanta, sai can su sake fita. Wato sau huɗu ake cunkoso a rana maimakon biyu. Kuma rana na tsaka za a ce maka "bonsuwa", wai barka da yamma.

Kwanakin farko Gwaggo ta cije. Duk wanda ya bugo daga Zariya sai ta ce, "Iska kamar a aljanna," ta kashe wayar ta yi tari. Ranar da abin ya faru, Ishaya ya fita da mota, Gwaggo kuma ta matsa sai ta ga babbar kasuwar garin. Selestin ta tsayar mana da zemijan uku. Kusa da wata gada muka cushe a cikin ɗaruruwan babura, ba gaba ba baya, rana ta take, iska ta tsaya cak. Ina bayan Gwaggo. Na ga ta dafa kafaɗar mai babur ɗinta, na ga kanta ya sunkuya, sai na ga tana zamewa gefe.

Ban san sanda na diro ba. Na tare ta a jikina, bakinta a buɗe tana jan numfashi ba ya shiga, leɓenta ya canza launi. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi tana dubana, ba ta iya cewa komai. Matar da ban taɓa jin bakinta ya mutu ba. Na yi ta kiran sunan Yesu, Selestin tana ihu da yarensu. Masu baburan nan da nake zagi a zuciyata su suka cece ta. Suka buɗe hanya da ihu da hon, wani ƙato ya ɗauke ta cak ya ɗora a babur, na hau bayanta na riƙe, wasu biyu suka shige gaba suna kore mutane har wani ƙaramin asibiti. Kafin in juya in yi godiya sun tafi.

Aka sa mata abin shaƙa a hanci da baki. A hankali ƙirjin ya buɗe. Ina zaune a gefen gado, sai na ji ta ce ta cikin robar, "Ina jakata?" A nan na san ta dawo, na fashe da kuka.

Likitan wani dattijo ne mai sanƙo, ba ya jin Turanci, Selestin ce tafinta. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, ya ɗaga shi a haske, ya yi tambaya. 

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Mama... wai tun yaushe kike shan taba?"

Da ba a riƙe ta ba da ta sauko daga gadon. "Ni? Ni Hannatu? Shugabar matan zumunta? Gaya masa ko warinta ba na so! Gaya masa janaretan Emeka ne!"

Selestin ta rasa yadda za ta fassara Emeka. Likita ya ce hayaƙin titi shi ya tayar da ciwon yau, amma wannan huhun ya daɗe yana shan wani abu, kullum, kusa-kusa. Wane aiki take yi? Gwaggo ta ce ita 'yar kasuwa ce. Na ce, "Waina take toyawa. Da itace. A rumfa mai rufi." Likita ya ajiye hoton ya buɗe hannuwa, wannan bai buƙaci tafinta ba. Gwaggo ta juya mini baya, har muka koma gida ba ta yi mini magana ba, washegari ma ta hannun Selestin take aiko mini da saƙo.

Da ta ji sauƙi, Ishaya ya ce to bari a kai ta tekun nan dai ta gani. Muka fita bayan gari inda masunta suke. Gaskiya a nan iskar ta cika iska. Tana zuwa daga kan ruwa ba abin da ta taɓa, mai sanyi, mai gishiri. Gwaggo ta tsaya ta buɗe ƙirji ta ja, ta sake ja, ba usur. Ta ce, "To ka ga abin da aka yi mini alkawari." Ta ƙi matsawa kusa da ruwan dai, ta ce duk abin da ke zuwa yana komawa haka ba shi da amana.

Muna tafe a kan yashi sai muka iso wasu bukkoki inda mata ke banda kifi. Wata tsohuwa, sa'ar Gwaggo, tana sunkuye kan ganga tana juya kifi, hayaƙin ɓawon kwakwa da itace ya lulluɓe ta. Idanunta jajaye suna ruwa. Ta ɗago za ta yi mana tayi, sai tari ya sarƙe ta. Na san tarin nan. Da a bayan bango na ji shi, da na ce Gwaggo ce. Har dafa gwiwar da take yi, har usur ɗin ƙarshe.

Gwaggo ta tsaya ta kasa gaba. Ga teku guda a bayan matar, iska mai kyau iya ganinka, ba janareta, ba babur ko ɗaya. Ta matsa ta kama hannun tsohuwar ta jawo ta gefe, ta ce wa Selestin, "Gaya mata ta fita daga cikin hayaƙin nan. Kashe ta zai yi."

Selestin ta faɗa. Tsohuwar ta yi dariya, ta goge ido da bakin zane, ta amsa.

"Ta ce in ta fita, wa zai ciyar da jikokinta? Wai kuma ba wutar ba ce, sanyin teku ne yake sa ta tari."

Gwaggo ta saki hannun tsohuwar. Ta sayi kifin da ya fi ƙarfin cikinmu. Muka shiga mota. Muna dab da gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Laraba, yaushe hutunku zai ƙare?" Na gaya mata. Ta ce, "To kada ki makara saboda ni. Ki haɗa kayanmu."

Ishaya ya yi roƙo ya gaji. Ta ce garin da ba wanda za ta yi faɗa da shi ya gane abin da take faɗa ba garin zama ba ne. Da ya ga ba za ta tsaya ba, sai ya kafa sharaɗi: ya sayo mata babban murhun gas mai faɗin da zai ɗauki tanda, ya ce in ta sake hura itace da kansa zai zo ya rushe rumfar. Ta ce ita ba za ta kwana da bam a gida ba. Ya ce to ta zauna a Kwatano a riƙa sumbatarta safe da yamma. Ta karɓi murhun.

Dawowa ba wani labari, sai dai a Legas ta ƙi kwana, muka zarce. Ran Lahadin farko ta shiga coci da sabuwar atamfa, matan da suka yi kukan rabuwa da ita suka yi ta kallonta. Ta ce musu likitan Faransa ne ya ce jikinta ya fi dacewa da Zariya.

Tukunyar gas a Sabon Gari muka saya. Ranar da za a fara, na kwana a Muciya don in kunna mata. Ta tsaya can bakin titi da bokitin ruwa a hannu, ta ce in ya fashe in yi tsalle hagu. Bai fashe ba. Wuta ta kama shuɗiya, shiru, ba ko ɗigon hayaƙi. Ta matso da kaɗan-kaɗan, ta ɗora tanda, ta zuba mai, ta zuba ƙullu. Na lura ludayin ba ya cika kamar da. Ta ga na gani, ta ce, "Gas ba a daji ake saro shi ba."

Tarin bai tafi duka ba, likita ma ya ce ba zai tafi duka ba, amma yanzu tana kwana, tana kuma hawa matakalar coci ba ta tsaya a tsakiya ba. Masu saye ne dai ba su ji daɗi ba. A safiyar da aka fara suya da gas ɗin, wani tsohon direba da ya daɗe yana karyawa a wurinta ya gutsuri waina, ya tauna, ya ɓata fuska.

"Mama Hannatu, wainar nan ta rage girma. Kuma ba ta ƙamshin hayaƙin nan da muka saba."

Gwaggo ta juya wainar da ke tanda, ta nuna masa titi da tsinken hannunta, inda wata tsohuwar tifa ke tafe tana turnuƙe unguwa.

"Ɗauki wainarka ka je can ka tsaya," in ji ta. "Ka gutsura ka shaƙa. Ni na sha rabona."